Mako na uku: zaɓen fallayen katako na allon siketbod

'Yan'uwa masu koyon haɗa siketbod, wato allo mai ƙananan tayoyi huɗu da ake tsayawa a kai ana gudu, Allah ya ba mu sa'a. Allona na farko ya tsage daga kai har wutsiya ranar da ƙanena ya fara hawansa a kan simintin makarantar ƙauyenmu da ke kusa da Ringim, kuma sai a wannan makon na gano dalili.

Allon da kamfanoni ke yi ba katako guda ba ne. Falle bakwai ne na itacen mapul mai tauri, wanda ke fitowa a Kanada da arewacin Amurka, kowane falle kaurinsa kamar milimita 1.5. Biyar daga ciki jijiyarsu tana bin tsawon allon, amma na uku da na biyar a gicciye ake shimfiɗa su, domin su ne ke riƙe faɗinsa idan nauyi ya sauka a gefe ɗaya. Ni kuwa na jera nawa duka fuska ɗaya, ya zama tamkar kara, wanda yake da wuyar karyawa amma da farce ma ana tsaga shi.

Ranar Asabar na shiga Kano, na nufi 'Yan Katako a Na'ibawa. Ban samu mapul ba. Obeche na ajiye shi nan take, domin da na danna farce sai ya lotsa, kuma itacen da ya lotsa haka ba zai riƙe kusoshin ƙafafun taya ba. Kirya tana da ƙarfi, sai dai nauyinta ya dace da turmi, ba abin da za a yi tsalle da shi ba. A ƙarshe na tsaya a kan fallayen maɗaci. Wani dattijon kafinta ya ce mini, "Ɗana, ɗaga shi ka duba a rana." Duk fallen da haske ya ratsa ta tsaga ko ta gurbin reshe, na mayar da shi.

Na yanka fallayen da na zaɓa tsawon santimita 85 da faɗin 24, don a samu rarar datsewa. Yanzu suna jere a ɗaki ƙarƙashin bulo huɗu, saboda iskar hunturu tana nannaɗe falle cikin dare guda. Sai sun huta mako ɗaya zan shafa gam, in matse su da jak ɗin mota, in sha Allahu.