Roswell, Garin Da Ke Cin Abinci Da Tarkacen Balan-balan

Kawuna da ke aiki a El Paso ta jihar Texas shi ya kawo shawarar. Ya gaji da musun da muke yi kullum kan bidiyoyin nan da ake turowa a waya, na fitilun da ba a san ko na mene ne ba a sama, sai ya ce in shirya ya kai ni inda maganar ta samo asali, kowa ya gani da idonsa. Shi yana ganin akwai wani abu a ƙasa. Ni kuwa na tafi ne da niyyar in ƙure shi.

Hanyar daga El Paso zuwa arewa ba ta da labari, hamada ce da ƙaya da tsaunuka can nesa. Sai dab da Alamogordo muka tarar da shingen bincike, ko da yake ba wata iyaka muka tsallaka ba. Jami'in da ya tare mu bai san gaisuwa ba. Ya karɓi fasfona ya juya gaba ya juya baya, ya tambayi inda za mu. Da Kawu ya ce Roswell, sai ya yi wata dariya ta raini, ya ce wato tun daga Afirka na taso don in ga wannan shirme? Bai miƙo mini fasfon ba, cillo shi ya yi ta taga ya faɗa kan cinyata. Na buɗe baki ke nan Kawu ya danne mini gwiwa, ya ce, "Kai, haɗiye. Ba a ja da mai kaki a bakin hanya." Har muka yi nisa raina bai daina tafasa ba.

A Alamogordo Kawu ya nuna mini yamma da hannu. Can ne filin gwajin makamai masu linzami na White Sands, kuma a arewacinsa aka tayar da bam ɗin nukiliya na farko a duniya ranar 16 ga Yulin 1945. Har yau akan tsayar da motoci a babbar hanyar da ta ratsa wurin idan za a harba wani abu. Ga sansanin sojan sama na Holloman a gefen gari. Tun ban isa Roswell ba na fara ganin cewa samaniyar wannan yanki ba ta hutawa: shekara tamanin ke nan ana cilla mata abubuwan da ba a gaya wa makiyayin da ke ƙarƙashinta ko mene ne ba.

Roswell kanta ƙaramin gari ne, mutanensa ba su cika dubu 50 ba, amma ban taɓa ganin inda aka tatsi labari ɗaya kamar nan ba. Fitilun babban titi an zana musu manyan baƙaƙen idanu irin na halittun wata duniya. McDonald's ɗin garin an gina shi da siffar faifai mai tashi. Gidan mai, shagon taya, otal, kowa da koren dodonsa a ƙofa. Kuma duk farkon Yuli sukan yi biki, gari ya cika ya batse.

Gidan tarihin UFO na garin, wato abubuwan da ake gani a sama ba a san ko mene ne ba, yana cikin wani tsohon silima, an buɗe shi a 1992. Kuɗin shiga bai taka kara ya karya ba. Yawancin baƙi gun gumakan nan masu fitar da hayaƙi suke tururuwa don hoto, amma abin da ya tsayar da ni shi ne shafukan tsofaffin jaridu da aka manna a bango, domin a nan ne labarin yake tsirara. A damunar 1947 wani mai kula da gandun tumaki, Mac Brazel, ya tsinci tarkace a makiyaya kusa da Corona, mil 75 ko kusa da haka daga Roswell. Ya kai wa hukuma, aka tura Manjo Jesse Marcel daga sansanin sojan garin ya kwaso. Ranar 8 ga Yuli kakakin sansanin, Laftanar Walter Haut, ya fitar da sanarwa cewa sun kama faifai mai tashi. Kafin gari ya waye Janar Roger Ramey a Fort Worth ya ce ina, balan-balan ne na auna yanayi. Na tsaya na karanta abin da Brazel da bakinsa ya ce ya gani: zirin roba, takardar gwangwani mai sheƙi, wata takarda mai tauri, 'yan sanduna, da salatif mai zanen furanni. Na jawo Kawu na nuna masa. Na ce, "Kawu, jirgin da ya keto tsakanin taurari ne za a liƙe shi da salatif mai fure?" Ya ce in ci gaba da karatu, ai ba a nan ta tsaya ba.

Kuma da gaskiyarsa, domin Janar ɗin ma ba gaskiya ya faɗa ba. Sai a 1994 rundunar sojan sama ta fito ta ce tarkacen na wani shirin sirri ne mai suna Mogul: jerin balan-balan ne da aka ɗaure a igiya guda, tsawonta ya haura ƙafa 600, ɗauke da na'urorin sauraro, ana sakinsu daga Alamogordo don a jiyo ƙarar gwajin nukiliyar Tarayyar Sobiyet daga nesa. Batun gawawwakin halittun wata duniya da aka ce an tsinta kuwa, wanda bai fito ba sai bayan da aka sake tono maganar daga 1978, rahoton rundunar na 1997 ya danganta shi da mutum-mutumin da ake jefowa daga sama a shekarun 1950 don gwada laimar sauka. Wannan bayani na biyu bai gamsar da mutane da yawa ba saboda tazarar shekarun, ni ma ya ɗan yi mini rauni. Amma na Mogul ya zauna daram. Abin da ya ba ni dariya, Walter Haut ɗin nan da ya rubuta sanarwar farko yana cikin waɗanda suka kafa gidan tarihin.

Daga nan muka faɗa shagunan tsaraba, inda na sha haushi na biyu. Riga mai hoton dodo an rubuta dala 25. Na ce wa mai shagon nawa za ta bari in na ɗauki uku, ta dube ni kamar na zage ta. A gida ko mai shago ba zai rage ba, zai ce albarka, a yi raha, a rabu da mutunci. Nan babu. Sannan ka je biya a ɗora maka haraji a kan kuɗin da ka gani a jiki. A gidan abinci kuma na'urar da kanta za ta tambaye ka tukwicin kashi nawa za ka bayar, ma'aikaciyar na tsaye a kanka tana kallo. Kyautar da aka tsare ka a kanta ban san sunanta ba. Sai a wata rumfa can ƙarshen titi na samu wani saurayi da ya san darajar ciniki, ya ba ni riguna uku a dala 40, har ya ƙara mini da maƙalin makulli.

A gidan abincin ne muka haɗu da mutumin da ya biya mana wahalar tafiyar. Wani dattijo ne a teburin kusa da mu, ya ji muna ta cacar baki da harshen da bai sani ba, yana tsintar "Roswell" da "Mogul" a ciki. Ya matso ya tambaya. Ashe ya yi shekaru yana aikin sakin balan-balan na auna yanayi kafin ya yi ritaya. Bai yi wata-wata ba ya ce mu biyo shi gida, bayan gari, in dai sama muke son gani. Matarsa da ta ji ba ma cin alade sai ta sauke abin da ta ɗora, ta dafa kaza da koren barkonon nan da jihar ke alfahari da shi, ta kuma share mana ɗaki muka yi Magariba. Mutumin da bai san mu ba da rana. Na ce wa Kawu to, ashe ba duka aka taru aka zama mai shinge ba.

Muka fito da kujeru bayan gida. Abu na farko da ya nuna mana shi ne wani tauraro mai tsananin haske a yamma, ƙasa-ƙasa. Kawu ya ce ai Zara ce, matar wata. Dattijon ya ce ita ce uwar masu laifi, ba abin da ya kai ta jawo kiran 'yan sanda. Ya ce mu zaɓi tauraro ɗaya mu ƙura masa ido kada mu kalli komai. Ban daɗe ba na ga nawa ya fara lilo, ya yi hagu ya yi dama. Ya ce ba tauraron ba ne, ƙwayar idona ce ke ɗan motsi, kuma da yake babu bango ko itace kusa da za ta auna da shi, sai ƙwaƙwalwa ta ɗora wa tauraron. Matuƙan jirgin sama ma ana gargaɗinsu a kai.

Sai ya shiga sana'arsa. Kullum sau biyu, daga ɗaruruwan tashoshi a faɗin duniya, ana sakin balan-balan. Yana hawa yana kumbura saboda iska na raguwa, har ya kai girman ɗaki kafin ya fashe a wajen kilomita 30. A wannan tsayin, rana ta riga ta faɗi gare ka amma shi tana haska shi, sai ka ga abu yana ƙyalli a sama mai duhu, ba ƙara, ba fiffike. Haka jirgin leƙen asirin U-2 ya riƙa yi a shekarun 1950, yana tafiya sama da ƙafa 60,000 lokacin da ba wanda ya san jirgi na kai nan. Hukumar CIA da kanta ta wallafa a 1997 cewa fiye da rabin rahotannin ganin UFO na ƙarshen shekarun 1950 da na 1960 jiragenta ne, kuma an riƙa ba jama'a bayanan ƙarya don a rufe. Ya ƙara da gajimaren nan masu siffar faifai da kan tsaya cak a saman tsauni, da fitilun da jiragen soja ke saki su sauko a hankali da laima.

Yana cikin magana Kawu ya miƙe tsaye yana salati. Wasu fitilu ne jere reras, sun fi ashirin, sun taso daga yamma suna bin juna a layi ɗaya, shiru, ba ƙyaftawa. Tsigar jikina ta tashi, ba zan ɓoye ba. A gida da dare irin wannan, kafin a ce kwabo wani ya ce aljanu. Dattijon ko motsi bai yi ba, ya duba agogo ya ce taurarin ɗan'adam ne na Starlink, sababbin harbawa, ba su gama warwatsuwa ba. Tun 2019 suke firgita mutane. Muna kallo suka riƙa ɓacewa ɗaya bayan ɗaya a daidai wuri guda, inda suka shiga inuwar duniya.

Kawu bai sallama ba. Ya kawo bidiyoyi ukun da ma'aikatar tsaron Amurka ta saki a 2020, waɗanda matuƙan jiragen yaƙi suka ɗauka. Dattijon ya ce ɗaya daga ciki, mai kama da abu na gudun tsiya a kan teku, masanan NASA sun lissafa daga lambobin da ke jikin bidiyon suka ga yana can wajen ƙafa 13,000 a sama, kuma gudun jirgin da ke ɗaukarsa ne ya sa ya yi kama da mai sauri. Amma ya yarda akwai saura. Shirin Blue Book, wanda rundunar sojan sama ta kafa don binciken UFO, ya tattara rahoto 12,618 kafin a rufe shi a 1969, 701 ba a warware su ba. Rahoton hukumomin leƙen asirin Amurka na 2021 ya duba 144, ɗaya kacal ya iya tabbatarwa, shi ma balan-balan ne da ke sacewa. A ganinsa, mafi yawan waɗannan ba don sun fi ƙarfin ilimi ba ne, don hoton ya yi dishi-dishi ne, ko shaida ɗaya ce, ko an ƙi sakin bayanan na'urar. Kawu ya ce duk da haka Allah na halittar abin da ba mu sani ba. Na ce haka ne, amma wannan ba hujja ba ce ta cewa halittar ta faɗo a gandun tumaki. Abin da na ba Kawu gaskiya a kai ɗaya ne: gwamnatin da ta yi ƙarya a 1947, ta sake yi a kan U-2, ta ƙi amsa sunan sansanin sirrin nan na Area 51 sai a 2013, ba ta da bakin yin mamaki don an ƙi yarda da ita yau. Dattijon ya ƙi karɓar ko sisi, har ya ɓata rai da Kawu ya zaro walat.

Washegari muka yi yamma ta Carrizozo zuwa Socorro, inda wani ɗan sanda, Lonnie Zamora, ya ba da rahoton ganin abu mai siffar ƙwai a 1964. Yana cikin waɗanda Blue Book bai warware ba, Kawu ya yi ta yi mini gori. Gaba kaɗan akwai filin nan mai manyan farantan sauraron sama guda 27, kowanne faɗinsa mita 25, inda ake sa baƙi su kashe waya. Iska ta dame mu, ba mu daɗe ba.

Albuquerque barci kawai muka yi. Otal ɗin ya fi na Roswell tsada ya kuma fi shi datti, karin kumallon da suka yi alkawari burodi ne mai sanyi da kofi. A can na hau jirgi, Kawu ya juya El Paso shi kaɗai, kuma kafin a kira mu ya riga ya turo mini wani sabon bidiyo.