Abin da Ɗakin Kwanan Yara Ya Koya Mini Kafin In Hau Bagadi

Idan matashi ya ji a ransa cewa Ubangiji yana kiransa zuwa hidima, yawanci bagadi yake fara hangowa: shi a tsaye, Littafi Mai Tsarki a buɗe, jama'a sun yi tsit suna sauraro. Babu laifi a wannan, domin wa'azi aiki ne mai daraja, kuma ta wurinsa Allah yake jawo mutane zuwa ga kansa. Amma ni hanyar da ta kai ni hidima ta ɗakin kwanan yara ta bi, a sansanin Kirista da ake yi lokacin dogon hutu, inda na yi aiki shekara bayan shekara kafin in shiga makarantar tauhidi. Yau ina kiwon ikkilisiya, kuma mafi yawan abin da nake tsaye a kai a wannan aiki a can na samo shi.

Ga wanda bai taɓa zuwa ba, ga yadda abin yake. Ana tara yara da matasa nesa da gida na mako ɗaya ko biyu, a raba su rukuni-rukuni, kowane rukuni da manyan da za su kwana inda suke kwana, su ci inda suke ci. Da asuba addu'a, da safe nazarin Littafi Mai Tsarki, da rana wasanni da aikace-aikace, da dare taron waƙa da wa'azi. Dabarar ba sabuwa ba ce. William Alexander Smith, wanda ya kafa ƙungiyar samarin Kirista ta Boys' Brigade a birnin Glasgow na Birtaniya a 1883, malamin makarantar Lahadi ne da ya ga samarin ajinsa sun gagari tsawatarwa, kuma ɗan lokacin da yake samu da su ranar Lahadi bai isa ba. A 1886 ya fita da yaransa sansaninsu na farko. Abin da ya gane shi ne har yanzu yake riƙe da wannan aiki: ba a sanin yaro daga nesa, sai an zauna da shi dare da rana.

Zaman nan kuwa ba ya barin mutum ya ɓoye halinsa. A majami'a kana iya daurewa ka yi fara'a na awa biyu ka koma gida. A sansani yara suna ganin ka lokacin da barci bai ishe ka ba, lokacin da ruwan sama ya rushe shirin da ka kwana kana tsarawa, lokacin da wani ya ɓatar da takalminsa a karo na barkatai yana kuka. Darasin safe kan haƙuri da gafara, da yamma suke duba ko gaskiya ne, a fuskarka suke dubawa.

Akwai wani ƙaramin yaro a ɗakina wata shekara, mai shiru-shiru, wanda ba ya shiga wasa sai an ja shi. Wani dare can tsakiya na ji ana taɓa ƙafata, ana cewa a hankali, "Yaya, Yaya." Na haska fitila ƙasa-ƙasa, sai na gan shi tsaye ya ƙanƙame zanen gadonsa, jikinsa yana rawa. Fitsarin kwance ya yi. Ba jiƙewar ce ta dame shi ba, tsoron wayewar gari ne, lokacin da sauran za su gani su sa masa suna har ƙarshen sansani. Na tashi abokin aikina, muka fita da shi ba tare da motsi ba, ya wanke jikinsa ya sake kaya, muka wanke zanen muka shanya a bayan gini inda ba mai bi, muka juya katifar. Gari ya waye ba wanda ya sani. Daga ranar muka riƙa tashinsa sau ɗaya cikin dare ya zagaya. Ba mu buɗe masa aya ko ɗaya a daren nan ba. Amma bayan kwana biyu, muna zaune a inuwa sauran suna ƙwallo, shi da kansa ya matso ya ce, "Yaya, in mutum ya mutu yana fushi da kai, Allah ma yana fushi da kai?" Ashe mahaifinsa ya rasu ba da daɗewa ba, kuma rabuwarsu ta ƙarshe da faɗa aka yi. Wannan tambaya tana cikinsa tun ranar da ya iso. Ya saurari wa'azi kowane dare bai fito da ita ba, sai da ya sami wanda ya rufa masa asiri.

Na daɗe ina juya wannan a raina, domin haka manya ma suke. Dattijon da yake zaune a layin gaba kowace Lahadi, da matar da ba ta fashin taron zumunta, kowa yana ɗauke da tambayar da ba zai yi wa fasto ba sai ya tabbata faston nan ya iya riƙe sirri kuma ba ya ƙyamar zuwa inda abu ya lalace. Yohanna sura 13 ta nuna mana Ubangiji ya ɗaura tawul yana wanke ƙafafun almajiransa, sa'an nan ya shiga doguwar koyarwar da ta biyo baya har sura 17. Wankin ƙafa ne ya riga jawabi.

Wurin da na fi so in tsaya shi ne daren ƙarshe, domin a nan ne ma'aikacin sansani yake fuskantar jarraba mafi girma, kuma ba kowa yake gane cewa jarraba ce ba. A daren nan yara sun gaji, sun shaƙu da juna, gobe za a rabu, waƙoƙi suna ratsa zuciya. Idan mai wa'azi ya ce duk wanda yake so ya ba da ransa ga Yesu ya fito, kusan ɗakin duka zai tashi. Waɗansu Ruhu Mai Tsarki ne yake aiki a cikinsu da gaske, na ga wannan da idona kuma ba na shakkarsa. Waɗansu kuwa abokinsu ne ya tashi, waɗansu suna so su faranta wa yayan ɗakinsu rai, waɗansu kuka ne kawai ya zo musu saboda gajiya da kewar gida. Ma'aikaci yana son ya ga hannuwa da yawa, domin shi ma ya gaji, yana neman shaidar cewa wahalarsa ba ta tafi a banza ba. Da ɗan ƙarin tsoratarwa da maimaita waƙa za a iya ninka adadin. Ina faɗa da dukan zuciyata cewa wannan cin amanar yara ne. Yaron da aka tura ya yi alkawarin da bai fahimta ba, idan zafin ya huce ya ga kansa yadda yake a da, yakan ɗauka ko dai shi ne Allah ya ƙi, ko kuwa abin duka wasa ne. Na haɗu da manya da suka bar majami'a, kuma in ka bi sawun labarinsu, a irin wannan dare ciwon ya fara.

Shugaban sansaninmu, dattijo ne da kowa ke kira Baba, yana da tsarinsa. Yakan bayyana bishara sarai, ba ya rage komai game da zunubi da gicciye da tashin Almasihu. Sa'an nan ya ce wanda yake da magana a ransa ya nemi yayan ɗakinsa gobe da safe bayan an karya kumallo. Na taɓa tambayarsa, "Baba, ba za mu rasa waɗansu ba in muka bari sai safiya?" Ya ce, "Ɗana, abin da Ruhu ya fara da dare ba ya gudu don rana ta fito." Waɗanda suke zuwa da safe ba su kai na dare yawa ba, amma kana iya zama da kowannensu, ka ji abin da ya fahimta da bakinsa, ka gyara inda ya karkace, ku yi addu'a ba gaggawa.

Ko na gaskiyar ma, zafin sansani wutar kara ce in ba a sami mai ƙara mata itace ba. Yaro zai koma gidan da ya baro, da makarantar da ya baro, da abokan da ya baro. Waɗanda suka riga mu wannan aiki sun ga matsalar tun da wuri. Josiah Spiers ya fara taron yara a Landan a 1867, a shekarar da ta biyo baya kuma ya tara yara a bakin teku a Llandudno ta yankin Wales lokacin hutu. Amma aikin bai tsaya a taron hutu ba. A 1879 aka fara ba yara katin karatun Littafi Mai Tsarki na kowace rana, kuma daga nan ne sunan Scripture Union, ƙungiyar karatun Littafi Mai Tsarki, ya fito. Sun gane cewa abin da zai riƙe yaro shi ne ɗan karatun da zai yi shi kaɗai ranar Talata da safe, da ikkilisiyar da za ta san sunansa. Bulus ya faɗa wa Korintiyawa cewa shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, Allah ne ya sa girma. Ma'aikacin sansani yawanci mai shuka ne da ba zai ga girbi ba, kuma dole ya yarda da hakan ba tare da ɗacin rai ba.

Akwai dokokin da sabon ma'aikaci yake gani kamar takura ce: kada babba ya keɓe da yaro a ɗaki a rufe, a ƙirga yara kafin a tashi daga wuri da bayan an isa, magungunan yara su zauna a hannun mai kula da lafiya, kuma in yaro ya faɗa maka ana cutar da shi a gida ko a ko'ina, kada ka yi masa alkawarin yin shiru, ka kai maganar ga shugaba a ranar. Waɗannan ma hidima ce. Iyaye sun ba ka abin da ya fi musu komai daraja, kuma sunan Kirista bai taɓa hana mugu shiga cikin ma'aikata ba. Ikkilisiyar da take jin kunyar kafa irin waɗannan dokoki, wai kada a ce ana zargin juna, ta bar ƙofa a buɗe. A wurin da nake hidima yanzu ban yarda a sassauta ko ɗaya ba, har a kaina.

Gajiya kuma tana da nata darasi. Yawancin saɓanin da na gani tsakanin ma'aikata ba na koyarwa ba ne, na rashin barci ne. Lokacin da Iliya ya gudu jeji ya roƙi mutuwa, abin da Allah ya fara yi masa shi ne ya bar shi ya yi barci, ya ba shi abinci da ruwa, har sau biyu, kafin a zo ga magana. Yesu ma, a Markus sura 6, ya janye almajiransa su huta don ba su da zarafin ko cin abinci. Mai hidimar da yake ganin hutu rashin himma ne, iyalinsa da garkensa ne za su biya kuɗin.

Game da kira kuwa, mutane sukan tambaye ni ko a sansani na ji shi. Gaskiya ne wurare irin wannan sun zama mararraba ga mutane da yawa. A 1949, a wurin taron Forest Home da ke Kalifoniya, Billy Graham, sanannen mai wa'azin bishara na Amirka, ya yi kokawa da shakkunsa game da Littafi Mai Tsarki har ya yanke shawarar karɓarsa da bangaskiya, makonni kaɗan kafin babban taron bisharar da ya yi a Los Angeles. Nawa bai zo a dare ɗaya ba. Na dai lura cewa ina komawa gida a gajiye liƙis amma zuciyata tana wurin yaran, ina tuna sunayensu cikin addu'a watanni bayan an watse. Sa'an nan waɗanda suka ga aikina kusa suka fara yi mini magana, Baba da farko, daga baya dattawan ikkilisiyarmu. Na ɗauki wannan da muhimmanci ƙwarai. A Antakiya, cikin Ayyukan Manzanni sura 13, Ruhu ya yi magana ne ikkilisiya tana sujada da azumi, kuma ita ce ta ɗora wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su. Kiran da mai shi kaɗai yake ji, ba wanda ya zauna da shi da zai iya shaidawa, yana bukatar a jira shi. Jerin halayen shugaba a 1 Timoti sura 3 kusan duka na hali ne: kamewa, karɓar baƙi, rashin son kuɗi, rashin faɗa, iya riƙe gida. Iya koyarwa abu ɗaya ne a cikinsu. Makarantar tauhidi ta ba ni abin da sansani ba zai iya ba ni ba, wato yadda zan karanta nassi da kyau in fassara shi ba tare da na cusa masa ra'ayina ba, kuma ina gode wa Allah da malamaina. Amma hali ba a jarrabawa ake auna shi ba.

Wani abu ɗaya ne sansani bai shirya ni dominsa ba, wato tsawon zama. A can kana ba da dukan ƙarfinka domin ka san ranar tashi. A ikkilisiya babu ranar tashi. Wanda kuka saɓa da shi a taron dattawa, kai ne za ka je asibiti in matarsa ta kwanta. Yarinyar da ka koya wa haddar ayoyi, kai za ka ɗaura mata aure, wataƙila kai za ka binne mahaifiyarta. Taron addu'ar tsakiyar mako da mutum kaɗan suke zuwa ba shi da armashin daren ƙarshe, kuma haka zai kasance shekara da shekaru.

Saboda haka yanzu, da nake ɓangaren masu aika yara maimakon masu karɓarsu, aikina yana farawa ne ranar da motar ta dawo da su. Muna roƙon shugabannin sansani su aiko mana da sunayen waɗanda suka yi magana da yayan ɗakinsu. Kowane yaro muna haɗa shi da babba ɗaya cikin ikkilisiya, da sanin iyayensa, wanda zai riƙa tambayarsa inda ya kai a karatunsa. Ba ma sa su tsaya gaban jama'a su ba da shaida a Lahadin farko, muna bari sai an yi watanni. Waɗanda suka fi damuna su ne yaran da abokai suka gayyato, waɗanda gidansu ba mai zuwa majami'a. Su ne suke fara ɓacewa, kuma su ne bana muka sa a farkon jerin gidajen da za mu ziyarta.