Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Zazzaɓin Ɗan Fari

Makon jiya na tsaya a inda muka koma gidan surukaina a Gusau, ina goye da yaro ɗan wata bakwai. Watan Agusta ne, ruwa ya zauna, sauro ya yi mana kaka-gida.

Wani dare na farka zan ba shi nono, sai na ji jikinsa rau. Ɗan fari ne, kunya ba za ta bar ni in buga ƙofar Inna ba, haka na zauna ina kallonsa har aka kira assalatu. Da gari ya waye Inna ta taɓa goshinsa da bayan hannu. "Haƙori ne, 'yar nan. Lulluɓe shi da bargo ya yi gumi."

Wa ya isa ya yi musu? Na lulluɓe. Sai ga ƙanwar maigidana, mai karatun aikin jinya, ta soka masa ma'aunin zafi a hammata: 38.2. Ta yaye bargon, ta bar shi da 'yar shimi, ta rage murya don Inna na tsakar gida.

"Anti, haƙori ba ya kai jiki nan. Amma duba, yana kama nono, yana bin ki da ido. Da a ce ya ƙi nono, ko yana amayar da duk abin da ya sha, ko ya fara jijjiga, ko a tashe shi ya ƙi tashi, da tuni muna hanyar asibiti. Jaririn da bai kai wata 3 ba kuwa, ba a jira da shi."

Ta auna masa farasitamol na ruwa gwargwadon nauyinsa, ta ce kada ya wuce sau huɗu a kwana guda. Ban da asfirin, ban da wanka da ruwan randa. Nono dai, a kai a kai.

Duk da haka ta dage sai an gwada zazzaɓin cizon sauro, tunda damina ce. Aka ɗiga jininsa a ɗan farantin gwaji, bayan minti 15 layi ɗaya ya fito. Babu. Ashe mura ce, kwana biyu jiki ya yi sanyi.

Bayan mako guda haƙorin ƙasa ya ɓullo. Inna ta ce, "Ban faɗa ba?" Na sunkuyar da kai. "Kin faɗa, Inna."

Mako mai zuwa: yadda ɗinkina ya tsaya da aka sace keken.