Godiya bayan wata huɗu a kan katifa

Assalamu alaikum warahmatullah.

Shekaranjiya Laraba, 10 ga Afrilu, 2024, na je Idi da ƙafata. Da sanda ɗaya a hammata na je, sallar ma a kan kujerar roba na yi ta, amma dai na je. Rabona da in taka ƙofar gida ba ɗaukata aka yi ba tun tsakiyar Disamba, ranar da na taso daga Kantin Kwari da yamma, wani mai Adaidaita Sahu ya shawo kwana ya haɗa ni da babur ɗina ya watsar a hanyar Kurna. Ƙashin cinya ya karye. Yaron ya tsaya, shi ya taimaka aka sa ni a mota, kuma tun a ranar na ce na yafe masa. Har yanzu ina kan bakana, don Allah a daina tambayata ko waye.

Alhamdu lillahi. Sai kuma likitoci da ma'aikatan jinya na Asibitin Ƙashi na Dala da suka yi min aiki suka sa ƙarfe, da ɗan'uwana da ya tsaya kai da fata a kan asibiti za a kai ni lokacin da rabin dangi ke cewa a kira mai ɗori. 'Yan kasuwar layinmu sun yi karo-karo sun biya kuɗin tiyata, ƙanina ya riƙe shago bai bari an rufe ko yini ɗaya ba. Waɗannan kowa ya san da su, na kuma bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Allah Ya saka da alheri, Ya sa a mizani.

Wannan rubutun na waɗanda ba su san sun yi min komai ba ne.

Ranar da aka sallame ni na tambayi likita yaushe zan taka. Ya ce irin wannan karayar wata uku zuwa shida take ɗauka kafin ƙashi ya haɗe sosai. Na dawo gida da maganar nan a ƙirjina kamar dutse. Da rana da sauƙi, 'yan dubiya na shige da fice. Dare ne abin tsoro, musamman daga ƙarfe biyu zuwa assalatu. Hunturu ya kankama, sanyi ya shiga ƙafar, gida ya yi tsit, ni kaɗai ido biyu ina lissafi: hayar shago, kuɗin makarantar yara, atamfofin da na karɓo bashi, ko ƙafar ma za ta koma daidai. Duk wanda ya zo sai ya ce, "Ka yi haƙuri, kamar yau ne za ka miƙe." Gaskiya suka faɗa, amma wata shida ya yi wa mai kwance nisa. Zuciya ba ta iya riƙo da abin da ba ta hango ba.

Ƙosai ne ya fara ceto na, kada ku yi dariya. Akwai Iya mai ƙosai a bakin layinmu, shekara da shekaru ina wuce ta a kan babur, iyakarmu ɗaga hannu. Da ta ji labari sai ta ce a riƙa turo auta kullum da safe. Suyar farko take zuba mata, da yaji a ƙulle a takarda. Wajen bakwai saura sai in jiyo ƙarar silifas ɗin yarinyar tun daga soro, tana sauri kada ya huce, ta shigo da kwano a rungume, hancinta na yoyo saboda sanyi, ta ce, "Baba, Iya ta ce ya jiki, wai yau da albasa da yawa." Kafin nan uwarta ta dama koko mai citta da kanumfari. Ban ankara ba sai na ga in na farka ƙarfe uku na daina ƙirga watanni, na koma ƙirga awa huɗun da suka rage a kawo ƙosai. Awa huɗu kuwa mutum zai iya jure ta. Iya, na gode. Ba ki san dare nawa kika raba ni da shi lafiya ba.

Daga nan sai yinin ya samu turaku. Shida da rabi rediyo na kan BBC Hausa. Da hantsi yara maza biyu na maƙwabcina su zo su kama ni a fitar da ni tsakar gida in sha rana, har na gane wurin da hasken ke fara sauka a jikin bango da lokacin da yake iso tabarma. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan ban taɓa sanin haka ba. Ranar Juma'a mai askinmu ya rufe shagonsa ya zo da jakarsa har ɗaki. Mutum in an yi masa aski, an gyara gemu, an sa masa farar riga, ko bai je masallaci ba sai ya ji shi ma Juma'ar ta zo masa. Tun daga Laraba nake fara ɗokinsa.

Sai Hajiya. Ni ne ɗan fari, kun san hali, ba ta taɓa kiran sunana ba, kuma ba za ta kira wayata ba. Wayar maiɗakina take kira kullum bayan Magariba, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta tambayi har kaji, sai can a ƙarshe ta ce, "To ya mai jikin?" Ni kuma ina gefe na kasa kunne ina jiran wannan kalma huɗu. Ran da kira bai shigo ba saboda matsalar sabis, abincin dare bai shiga ba. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana, Hajiya.

'Yan majalisarmu kuwa sai dai in ce Allah Ya bar zumunci. Da aka fara gasar cin kofin Afirka a Kwaddibuwa ranar 13 ga Janairu, suka ce ba za su kalla a gidan kallo ba alhali ina kwance. Suka ɗauko talabijin da ƙaramin janareto suka kafa a ɗakina, suna haɗa kuɗin mai a lokacin da lita ta haura naira 600. Wasan Najeriya bakwai, babu wanda suka tsallake. Jadawalin gasar nan shi ya zama kalandata: in an buga yau, sai in ce saura kwana huɗu, saura kwana biyar. Daren da muka fitar da Kamaru da ci biyu na Lookman na yi barcin da rabona da irinsa tun kafin haɗarin. Ranar Afirka ta Kudu, da golanmu Nwabali ya tare fanareti na biyu, na manta da karaya na yunƙura zan miƙe, sai da mutum biyu suka danne ni, azaba ta sa na yi salati da ƙarfi, su kuma suna ta dariya. A wasan ƙarshe da Kwaddibuwa, 11 ga Fabrairu, Troost-Ekong ya fara ci, aka farke, sannan Haller ya ci mu na biyu. Ɗaki ya yi jugum. Sai wani a cikinmu ya ce, ai wannan Haller ɗin a 2022 aka gano yana da ciwon daji, ya sha magani ya dawo fili. Kowa na jin haushinsa, ni kaɗai na ji wani sanyi a raina. Ban faɗa musu ba a lokacin, kada a ce na yi wa ƙasa zagon ƙasa.

Bari in ɗan yi ƙorafi, tunda na samu dama. Jama'a, in kun je dubiya ku bar labarin wanda aka yanke wa ƙafa, da wanda ƙarfe ya ruɓe a jikinsa. Wani bawan Allah ya zauna min awa guda yana jero irin waɗannan, ya tashi ya ajiye dubu biyar. Na gode da kuɗin, amma kwana uku ban runtsa ba. Wanda ya leƙo ya ce, "Gobe zan zo maka da gurasa bandabashi," ya fi shi yi min magani, domin ya bar min gobe a hannu. Kuma ya kawo ɗin, a makon da masu gurasa ke kukan tsadar fulawa har suka fito zanga-zanga.

Malamin gashin ƙashi, kai ma ka san wannan sirrin. Ba ka taɓa ce min "za ka yi gudu" ba. Cewa kake, "Alhaji, satin nan gwiwa za ta ƙara lanƙwasa kaɗan," in ta lanƙwasa mu yi murna kamar an yi haihuwa. Na zage ka a zuci ba sau ɗaya ba, ka yafe ni.

Azumi ya kama ranar 11 ga Maris, zafi ya maye gurbin sanyi, ƙosai ya koma na buɗe-baki, jira ya koma na kiran Magariba da kofin lamurje mai sanyi. Da goma ga wata ta wuce, yaran unguwa masu tashe suka ji an ce ba na fita, sai suka shigo har tsakar gida da gemunsu na auduga da gwangwanaye. Na yi dariya har hawaye. Ban san iyayen wasunsu ba, in kun ga wannan ku shi musu albarka a madadina.

Maiɗakina ba za ta so in yi maganarta a nan ba, ni ma kunya ba za ta bar ni in faɗi rabin abin da ta yi ba. Ruwan alwala mai ɗumi kullum da asuba, wata huɗu, ban taɓa roƙa ba. Sauran na bar wa Allah.

An ce zumunci a ƙafa yake. Tawa ta karye, taku ta yi ta zuwa.

Yau da safe na hana auta fita, na ɗauki sandata na tafi bakin layi da kaina. Sau biyu ina tsayawa hutawa a jikin katanga. Iya na ɗago kai ta gan ni sai ta saki matsami a cikin mai ta hau salati. Na ce a yi lissafin ƙosan wata huɗu, ta ce in ban mayar da kuɗina aljihu ba za ta tara min jama'a. Mun rabu a kan na yau ma ba za ta karɓa ba. Gobe zan koma da canjina daidai, in ajiye a gefen tire kafin ta juyo.