Alhamis ɗin da Yaya ya buɗe littafin sharhin yara

Hazo ya sauko sosai yau. Da na leƙa bayan sallar asuba, da ƙyar na hango darbejiyar ƙofar gida. Darasi biyu kawai gare ni ranar Alhamis, saboda haka sha ɗaya ba ta yi ba na riga na fito daga makaranta. Maimakon in wuce gida Tudun Wada, sai na tari keke zuwa Kwangila, daga nan na hau motar Samaru, don tun makon jiya yara ke damuna cewa sun cinye duk littattafan da ke cikin kwali.

Mai gwanjon littattafan yana nan inda ya saba shimfiɗa buhunansa, ba nisa da ƙofar jami'a. Ƙura ta rufe komai, sai ka hure bango kafin ka ga sunan littafi. Yawancinsu da hatimin wasu ɗakunan karatu na Ingila da Amurka a shafin farko, wani ma da sunan yaron da ya taɓa mallakarsa an rubuta da fensir. Na daɗe a tsugune ina zaɓe. Uku na ɗauka, duk na almara, muka yi ciniki, ya ƙara mini wani siriri da bayansa ya yage.

Wannan zama namu na Alhamis ya fara ne a dogon hutun da ya wuce. Yara tara ne, na gida da na maƙwabta, ƙaramarsu shekara takwas, babbarsu sha huɗu. Na zaɓi Alhamis ne don babu Islamiyya da yamma. Doka ɗaya ce tak: wanda ya ari littafi ba zai karɓi wani ba sai ya rubuta ra'ayinsa a wani babban littafin rubutu mai baƙin bango da na ajiye a kan kwalin. Layi biyar ko fiye, da Hausa ko da Turanci. Zancen ba da taurari kuwa su suka kawo abinsu, sun gani a waya. Har sun yi gardama kan ko ana ba da rabin tauraro, suka yanke cewa ana bayarwa.

Bayan la'asar suka taru a zaure. Na fara duba abin da aka rubuta a wannan mako kamar yadda na saba.

Ɗan maƙwabcinmu mai shekara sha ɗaya ya karanta Ruwan Bagaja, ya ba shi uku da rabi. Na ji abin har cikin raina, don littafin da na tashi da shi ne. Amma da na karanta dalilinsa sai na yi shiru. Ya ce labarin yana da daɗi kuma ya yi dariya, sai dai Alhaji Imam ya cuci mutane da yawa a hanyarsa ta neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, kuma tunda shi ne yake ba da labarin da bakinsa, ba mu ji ta bakin waɗanda ya cuta ba. Ya ƙara da cewa yana so a samu wanda zai rubuta labarin daga bakin Malam Zurƙe. Shekara nawa ina koyar da littafin nan a aji, ina tambayar jigo da salo da zubi, ban taɓa sa wa ɗalibai wannan tambaya ba. Na gaya masa cewa marubucin, Abubakar Imam, yana saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai ya rubuta shi don gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933, kuma ofishin hukumar a nan Zariya yake. A garin nan ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce, a nan ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939. Yaron ya zaro ido, ya ce ashe ɗan unguwa ne. Na ce haifaffen Kagara ne, amma Zariya ta riƙe shi har ƙarshen ransa a 1981. Ya ce duk da haka uku da rabi ɗin na nan. Na ce ya bar ta yadda take.

Ƙaramarsu ta rubuta layi biyar cif a kan wani labarin yara da suka shiga wata duniya ta dusar ƙanƙara. Ta ce ta so shi, amma me ya sa babu wanda yake cin tuwo a duk littattafan kwalin, kuma me ya sa kullum sanyi ake yi. Tambayar ta zauna mini. Na Hausa da nake da su irin wannan duk tsofaffi ne: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Iliya Ɗan Maiƙarfi, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo da ya fito a 1969, wanda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya. Sababbin da nake gani a kasuwa yawancinsu na manya ne. Ina da wani na Nnedi Okorafor da ya fito a 2011, labarin wata yarinya zabiya a Aba, shi ma da Turanci. Yarinyar nan ta cancanci aljanin da ke zaune a kan dutsen Kufena, ko wata ƙofa da ke buɗewa a jikin ganuwa idan hazo ya sauko.

Muna cikin haka sai ga sallamar Yaya. Ba ya zuwa ranar Alhamis, kuma daga yadda ya amsa gaisuwar yara na san da magana. A hannunsa akwai littafin da na ara wa 'yarsa, babbar cikinsu, mako biyu da suka wuce. Ya ce yara su shiga ciki. Muka gaisa, na kawo masa ruwa, bai sha ba.

Ya ce, "Ke malama ce, ban zo in koya miki aikinki ba. Amma jiya da dare na tarar da yarinyar nan tana kuka da tocila a ƙarƙashin bargo. Na karɓi littafin na duba bayansa. Yara ne ake tarawa su kashe juna ana kallo. Wannan ne karatun?"

Littafin The Hunger Games ne na Suzanne Collins, na 2008. Abin da Yaya ya faɗa gaskiya ne, haka labarin yake. Ƙasa ce da aka kasa gunduma 12 a ƙarƙashin wani babban birni na masu mulki. Duk shekara kowace gunduma sai ta ba da namiji ɗaya da mace ɗaya, masu shekara 12 zuwa 18, ta hanyar ƙuri'a. Yara 24 ke nan, a zuba su a fili su yi ta faɗa ana nunawa a talabijin har sai ɗaya ya rage. Na karanta shi kafin in ba ta, na yi kwana biyu ina juya abin a raina. Ban ba 'yan ƙasa da sha uku ba, kuma ba zan ba su ba.

Yaya bai tsaya nan ba. Ya ce ya kuma ga ƙaninta da littafin Harry Potter, yaron nan mai makarantar bokaye, kuma sihiri ba abin wasa ba ne a addini. Ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan ya sassauta murya ya ce yaran nan sun riga sun ji abin da ya ishe su. Suna da wayo lokacin da aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga a watan Maris na 2024, sun ji a rediyo, sun ga yadda uwarsu ta hana su zuwa makaranta kwana biyu. Me zai sa a ƙara musu tsoro da na littafi?

Ban yi masa musu ba, domin tsoron uba ne, kuma ni ma ina da irinsa. Na ce, "Yaya, kafin ka yanke hukunci, ka karanta abin da ita ta rubuta." Na miƙa masa baƙin littafin. Ta rubuta sharhinta tun shekaranjiya da ta zo gaida Hajiya, kafin ma ta kai ƙarshen labarin, ta ce ba za ta iya jira ba. Shafi ɗaya da rabi ne da Hausa.

Ba ta ce komai ba game da faɗan. Abin da ya tsaya mata shi ne ƙuri'ar. A cikin labarin, yaron da gidansu ba abinci yana iya karɓar hatsi da mai daga hukuma, amma duk karɓa ɗaya sai a ƙara jefa sunansa a cikin ƙuri'a. Ta rubuta cewa ana ce wa mutane sa'a ce, alhali sunan ɗan talaka ya fi yawa a cikin kwanon. Ta ce wannan ya tuna mata da ƙawarta ta firamare da suke zama benci ɗaya, wadda ta fi ta lissafi, yanzu tana tallar awara a bakin titi, kuma duk ranar da suka wuce a mota sai ta sunkuyar da kai don kada su haɗa ido. Ta ce ta daɗe tana tsammanin ƙawar ce take jin kunya, sai da ta karanta littafin ta gane ita ce mai jin kunyar, domin ita ce a cikin masu kallo. A ƙarshe ta rubuta cewa yarinyar labarin, mai shekara 16, ta miƙa kanta a madadin ƙanwarta mai shekara 12, kuma ta tambayi kanta ko za ta iya yi wa ƙaninta haka, ba ta samu amsa ba, shi ya sa take kuka. Tauraro huɗu ta bayar. Ta cire ɗaya saboda zancen soyayya da aka cusa, ta ce wanda yake jin yunwa ba ya wannan tunanin.

Yaya ya karanta, ya koma farko ya sake karantawa. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Ya tambaye ni ko na taimaka mata da rubutun, na ce ko waƙafi ban sa mata ba. Ya ce bai san tana ganin yarinyar nan a bakin titi ba, alhali shi yake tuƙa motar.

Hajiya tana daga ƙofar tsakar gida tana jin mu, da carbinta. Ta ce, "Kai da kake wannan magana, wa ya fi ka nacin tatsuniyar Dodo? Uwa ta yi wa Dodo alkawarin 'yarta a bakin rafi, ya zo karɓa. Kana kuka kana cewa Inna ƙara." Ta ce ai shi ya sa ake rufewa da ƙurunƙus, a ce ba don Gizo ba da na yi ƙarya, don yaro ya san an fito daga can an dawo gida. Yaya ya ce tatsuniya daban, tana bakin uwa, uwa tana kallon fuskar ɗanta, ta san inda za ta tsaya. Littafi kuwa yaro shi kaɗai ne da shi cikin dare.

Wannan magana tasa ta fi duk abin da aka faɗa yau nauyi a wurina. Ya yi gaskiya, kuma ita ce dalilin baƙin littafin, ko da yake ban taɓa faɗa wa kaina haka a fili ba. Ba zan iya zama kusa da yara tara ina kallon fuskarsu suna karatu ba. Abin da suka rubuta shi ne fuskar da nake gani. Da ba ta rubuta ba, da ni da shi duk kukan kawai za mu sani, shi ya ce littafi ya firgita ta, ni in ce labari ne mai taɓa zuciya, kuma duk ba mu kai ga ƙawar nan mai awara ba.

Game da sihiri na nuna masa abin da ɗansa ya rubuta a watan jiya. Layin farko cewa ya yi ya san sihiri haramun ne kuma wannan ƙarya ce irin ta Gizo. Sauran duk a kan maraicin yaron ne, da yadda dangin da suka riƙe shi suke kwantar da shi a wani lungu ƙarƙashin matakala. Na gaya wa Yaya cewa littattafan bakwai ne, daga 1997 zuwa 2007, kuma na ƙarshe-ƙarshen sun fi duhu da yawan mutuwa, don haka uku na farko kawai na sa a kwali. Ya ce shi dai ransa bai kwanta da wannan ba, a dakatar wa ɗansa da su tukuna sai ya yi shawara da malaminsu. Na ce to. Ɗansa ne, kuma akwai Magana Jari Ce juzu'i uku da yaron bai taɓa ba.

Aka kira magariba. Ya tashi zai tafi masallaci, ya ɗauki littafin da ya zo da shi ya sa a aljihun babbar riga. Na ɗauka ƙwacewa ya yi. Sai ya ce saura babi nawa ta gama, na ce kamar huɗu. Ya ce zai karanta daga farko a ƙarshen mako, in ya kai inda ta tsaya su ƙarasa tare a falo da rana. Ya kuma tambayi sunan mahaifin ƙawar tata, na ce ban sani ba, ita za ta sani.

An ɗauke wuta tun kafin isha'i. Ina rubutun nan da fitilar caji, leɓena duk ya tsage saboda iska. Sababbin littattafan huɗu suna gefen katifa, ba za su shiga kwali ba sai na karanta su. Daga ɗakin Hajiya ina jin ƙaramar nan, wadda uwarta ta bari ta kwana a nan, tana roƙon a yi mata ta Dodo. Hajiya ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta amsa ita kaɗai da ƙarfi.