Lamba 41 a takardar hoton zuciyata

Wata uku na yi ina haki duk lokacin da na taka zuwa kasuwar Argungu, tafiyar da a da nake yi ina hira. Babban ɗana ya matsa, ya kai ni Birnin Kebbi aka yi mini hoton zuciya, wanda suke kira eko. Ya karanta mini takardar a mota: wai akwai hawan jini na huhu, amma kaɗan, ga lamba 41. A daren nan ban runtsa ba. Hawan jini na san shi, shekara 12 muna tare, amma na huhu ban taɓa ji ba.

Washegari likita ya zana mini zuciya a bayan takarda. Ya ce ɓangaren hagu shi ke tura jini ga jiki, shi ne ake aunawa a damtse. Na dama kuwa huhu kawai yake kai wa, kuma awon damtse ba ya ganinsa sam.

"Hajiya, wannan lambar ƙiyasi ce," in ji shi. Na'urar tana duba saurin ɗan jinin da ke komawa baya ta wata ƙofa a ɓangaren dama, sai a yi lissafi. Ainihin awo sai an zura siririn bututu ta jijiya har cikin zuciya, idan matsakaicin ƙarfin jinin ya wuce 20 a ce akwai cutar. Kafin 2022 ma 25 ake amfani da shi. Ya gargaɗe ni kada in haɗa 41 da 20, domin tawa lambar sama ce, ba matsakaici ba.

Abin da ya fi kwantar mini da hankali tambayoyinsa ne. Akwai sikila a gidanmu? Na taɓa tarin tibi? Ina minshari? Na yi tsargiya ina yarinya, tunda a bakin gulbi na tashi? Shekara nawa ina girki da icce a rufaffen madafi? Kowace ɗaya tana iya kawo wannan matsala, kuma kowace da maganinta daban.

Tawa dai daga sakacina ta fito. Nakan ajiye maganin hawan jini da zarar na ji sauƙi, har ɓangaren hagu ya yi tauri, jini yana taruwa baya zuwa huhu kamar ruwa a toshewar kwata. Ya ce wannan ne sanadin da aka fi gani. Gwaji ya kuma nuna ina da ƙarancin jini.

Wata maƙwabciya ta kawo mini sunan wani maganin buɗe jijiyoyin huhu. Allah ya sa na tambaya kafin in saya, don likita ya ce ga mai irin tawa yana iya ƙara tara ruwa a huhu.

Yanzu maganina na kusa da sallayata, ina idar da asuba nake sha. Na rage gishiri da dunƙule, murhu ya koma tsakar gida. Bayan wata shida zan koma a sake hoton.