Ƙ da ɗ sun cinye min kwana biyu a Spring Boot

Aikin bai taka kara ya karya ba. Shafin intanet na wani shagon kayan masarufi nake ginawa da Spring Boot, wani tsarin gina manhajoji da yaren Java, mai shagon kuma yana son saƙon maraba da Hausa wanda za a riƙa canzawa ba sai an taɓa gundarin manhajar ba. Na sa saƙon a application.properties, fayil ɗin saitin manhajar, na jawo shi cikin kwantirola, ɓangaren da ke amsa wa burauza, da @Value, umarnin da ke ɗauko abin da aka rubuta a saitin. Na gwada da "Sannu da zuwa", ya fito tsaf.

Kuskurena ke nan. Babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a cikin "Sannu da zuwa".

Ranar da muka ɗora saƙon gaskiya, sai ga waya: "Malam, me ya sami rubutun nan?" Na buɗe shafin, "ƙarin" ta zama "Æarin", "kuɗi" ta zama "kuÉi", kuma masu saye suna gani. Kunya ta rufe ni.

Na fara zargin burauza, na duba shafin na ga UTF-8 ne, tsarin adana haruffa da ya san ƙ da ɗ. Na koma kan amsar da kwantirola ke turawa, na tilasta mata UTF-8, shiru. Na sake adana fayil ɗin har sau uku. Ashe duk wannan wahalar a banza take, domin rubutun ya lalace tun kafin ya iso kwantirola. Spring Boot yana karanta application.properties ne da tsarin ISO-8859-1, gadon da ya ci daga tsohuwar Java, tsarin kuwa bai san ƙ da ɗ da ɓ ba. A UTF-8, bayit biyu ne ke ɗauke da ƙ, shi kuma sai ya karanta kowanne a matsayin harafi daban. Daga nan Æ ta fito.

Abin da ya fi ci min rai, layi ɗaya ne da zai nuna min wannan tun ranar farko: in buga ƙimar da @Value ya kawo, in gan ta da idona. Sai rana ta biyu da daddare na yi hakan.

A daren na maye ƙ da lambarta ta Unicode, \u0199, ɗ da \u0257, shafin ya gyaru. Amma mai shago ba zai iya rubuta saƙo haka ba, don haka washegari na mayar da saitin zuwa application.yml, wani nau'in fayil ɗin saiti wanda ake karantawa da UTF-8. Yanzu duk saƙon gwajin da zan rubuta sai na sa "ɓarawo ya ɗauke ƙwai" a ciki.